Silinda Takwas don Bikin Keziya

Malam Shekari ya zaro yatsansa daga bakin injin, ya ɗaga shi saitin rana, ya duba abin da ya manne masa. Ba baƙin mai ba ne. Wani abu ne mai kauri kamar kunun da ya kwana, wanda aka ɗura domin ya rufe kukan ƙarafan da suka riga suka cinye juna. Ya goge yatsan da hankici, ya ninke hankicin gida huɗu, sannan ya ce da Adewale bakanike a mayar wa mai kaya da kayansa.

Wannan ne inji na uku cikin wata biyu. Na farko daga Kaduna aka kawo shi, da takarda mai tambari da sa hannu har biyu, wadda Malam Shekari ya karanta ya yaba da Turancinta. Da aka kwance sai aka tarar a tsage yake, an cike tsagar da gam an bi da fenti. Na biyu kuwa bai taɓa isowa ba. Wani mai kwat da taye ne ya yi alkawarinsa daga Legas, ya ci gaba da alkawari ta waya har layinsa ya daina shiga.

Motar tana ƙarƙashin darbejiya a garejin Adewale da ke unguwar Palladan a Zariya, baƙa, mai dogon hanci da ƙofa biyu. Camaro ce, ƙirar Amurka ta 1969, mai silinda takwas. Wani Ba'amurke malamin aikin gona ne ya zo da ita jami'a, da zai koma gida ya sayar wa Shekari, lokacin yana ƙaramin akawu a sito. Kusan shekara talatin ya yi yana zuwa ofis da ita, yana ajiye ta inda shugabannin sashe suke ajiye nasu. Ya yi ritaya yana babban ma'ajin sito, matsayin da babu wanda yake miƙewa tsaye dominsa, amma in da silinda za a auna daraja, babu wanda ya kama ƙafarsa a Samaru. Injin ya buga shekara shida da suka wuce, domin Shekari ya ƙi yarda kowa ya taɓa shi, shi kuwa hannunsa ya fi sanin biro.

Da motar ta ci gaba da tara ganye cikin kwanciyar hankali, ba don bakin mai ita ba. Ranar Asabar za a ɗaura auren Keziya, autarsa, da ɗan Dakta Felix. A taron kwamitin biki, Dakta Felix ya ce zai ba da jif ɗinsa a ɗauki amarya daga coci zuwa wurin liyafa. Malam Shekari ya miƙe a gaban dattawan coci, ya gyara babbar riga, ya ce 'yarsa a motar ubanta za ta fita, ba a kwalin Japan ba. An yi tafi, ko da yake ba duk masu tafin ne suka ɗauka da gaske yake ba. Yau kuma Talata.

"Baba, mu sa mata injin Fijo," in ji Adewale. "Kwana ɗaya na gama. Wa zai buɗe bonet a wurin biki?"

"Duk mai kunne ba ya bukatar buɗe bonet."

Adewale ya goge hannu a wando, ya maimaita shawarar da ya taɓa bayarwa sau biyu: a je Sabon Gari wurin Ogbonna mai kayan mota. Sau biyun nan Malam Shekari ya amsa cewa shi bai san mutumin da ba shi da ofis, ba shi da takarda mai tambari ba, kuma masu sayar da kayan mota na Sabon Gari za su iya sayar wa mutum tayar motarsa yana zaune a ciki. A karo na uku sai ya ɗauki lemarsa ya nufi titi.

A cikin bas ya zauna tsakanin buhun masara da wani ɗalibi da yake ihu a waya da rabin Hausa rabin Turanci, babu wadda ya iya a ciki. Daga Kwangila har PZ da ke bakin Sabon Gari, Malam Shekari yana tsara jawabin da zai yi da Turancin ofis, irin wanda zai nuna wa ɗan kasuwa tun farko cewa ba da baƙauye yake magana ba.

Jawabin bai sami fita ba. Ogbonna, dattijo mai furfura da tabarau, yana zaune a ƙofar shago yana ɓarar gyaɗa. Ya miƙe ya gaida Malam Shekari da Hausar da ta fi tasa zama a baki, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi shirin biki, domin a Sabon Gari aka haife shi kuma labari ya riga baƙonsa isowa. Ya ce ya san motar tun yana yaron shago. Sannan ya ce ba shi da injinta, maƙwabtansa ba su da shi, kuma duk wanda ya ce ya sauko da shi daga Beljiyam ƙarya yake yi, domin mutanen can ba sa hawan irinta.

Malam Shekari ya sake dubansa da kyau. Tun da ya fara wannan nema, bai taɓa jin mai sayarwa ya ce babu ba.

"Amma akwai guda ɗaya," in ji Ogbonna. "Ba na shago ba ne. Zo ka gani, in ya so ka zage ni daga baya."

Suka bi ta wani lungu zuwa bayan zauren taron ƙungiyar mutanen garinsu Ogbonna. A ƙarƙashin rumfar kwano akwai wani dogon abu lulluɓe da tamfol. Ogbonna ya yaye. Doguwar mota ce fara, ƙirar kamfani ɗaya da ta Malam Shekari, tsatsa ta cinye gindin ƙofofinta. Tagogin baya suna da labule ruwan hoda da ya koɗe, a jikin gilashin kuma an zana gicciye. Malam Shekari ya ja da baya taku ɗaya.

Motar gawa ce. Ogbonna ya yi bayani ba tare da rage murya ba: su mutanen garinsu ba a binne su a baƙon wuri, duk wanda ya rasu a Zariya sai an kai shi gida gabas. Shekara ashirin wannan mota tana wannan aiki. Kafin ta kama hanya, takan bi layin masu kayan mota a hankali, domin abokan kasuwa su fito su yi sallama da nasu. Bara ƙungiya ta sayi sabuwa saboda ruwa yana zuba a kan akwati, amma injin lafiyarsa ƙalau, kuma shi Ogbonna aka ba amanar sayarwa.

Ya haɗa batir, ya murɗa makulli sau ɗaya. Rumfar kwanon ta ɗauki rawa. Ƙara ce mai zurfi, daidai wa daida, silinda takwas kowace tana amsa 'yar'uwarta, da wani siririn fito a ƙarƙashi kamar na buta a kan wuta. Shekara shida rabon Malam Shekari da wannan murya. Domin kada a ga fuskarsa, sai ya sunkuya ya zaro ma'aunin mai. Man garau yake kamar zuma.

Ya miƙe ya tambayi takardun shaida, da muryar da yake tambayar masu kawo kaya sito.

"Yallaɓai, shaidunsa suna kwance a gabas, sun fi ɗari. Har da mahaifina. Awa goma sha huɗu cikin zafin Maris, injin nan bai yi ko tari ba." Ogbonna ya kashe injin. "Fasinjan wannan mota ba ya iya jiran bakanike a gefen titi. Shi ya sa kowane wata ake canja masa mai, ya yi tafiya ko bai yi ba. Babu wanda yake ha'inci a kansa, domin kowannenmu ya san wata rana shi ne a baya."

Malam Shekari ya tsaya yana kallon labulen. Ya tuna matarsa Bibiana, wadda ta hana a yi ankon biki da atamfa mai ɗigon baƙi, wadda kuma ta sa aka canja ranar kai kaya saboda ta yi mafarkin rami. Ya tuna Dakta Felix da makullin jif da yake kaɗawa a yatsa. Bai daɗe yana auna su ba. Ya ce zai saya, bisa sharaɗi ɗaya: kada kowa ya ji inda injin ya fito.

"Ni ba zan faɗa ba," in ji Ogbonna. "Amma inji yana da bakinsa."

Malam Shekari ya ɗauki wannan a matsayin irin falsafar da 'yan kasuwa suke ƙarawa a kan kaya kyauta.

Adewale ya yi kwana uku a ƙarƙashin motar. Injin ya zauna a mazauninsa kamar don ita aka ƙera shi, kuma da yake salansar Camaro ta zama rariya, sai ya ɗauko ta farar motar ya yanka ya haɗa. A gida, Bibiana ta tambayi inda aka samo. Mijinta ya ce daga motar wata ƙungiya ce da take kai manyan mutane tafiya mai nisa, kuma ba a taɓa samun wanda ya dawo da ƙorafi ba. Ta ce to madalla, ai gara abin manya.

Ranar Asabar da aka fito daga coci, motar tana ƙofa an ɗaure ta da farin kintinkiri da furannin roba. Ango da amarya suka lanƙwasa suka shiga baya, Bibiana ta zauna gaba da ɗaurin kanta da ya taɓo rufi. Malam Shekari ya jira har dattawa suka taru, sannan ya murɗa makulli. Tantabarun da ke kan rufin coci suka watse. Dakta Felix, wanda aka bar wa ɗaukar ƙawayen amarya, ya ɗaga gilashin jif ɗinsa.

A Sabon Gari ake liyafar. Ayarin ya biyo titi a jere, fitilun kowace mota suna ƙyaftawa. Bayan PZ aka tarar layin masu neman fetur ya toshe hanya, wani ɗan acaɓa da yake jan gaban ayarin ya karkata zuwa layin masu kayan mota, kowa ya bi shi. Layin matsattse ne, cike da ramuka. Malam Shekari ya sauko giya ta ɗaya. Ƙarar ta cika tsakanin shagunan, siririn fiton nan yana biye da ita.

Rediyon shagon farko ne ya fara yin shiru, sai na biyu. Masu bugun ƙarfe suka ajiye guduma. Tun kafin hancin motar ya shawo kwana, mutane sun fara fitowa daga cikin shaguna suna jeruwa a bakin kwata, maza suna cire hula, mata suna yin alamar gicciye. Wata tsohuwa mai gashin masara ta ɗora hannu biyu a ka tana tambayar na kusa da ita wane ne kuma. Da motar ta bayyana da kintinkirinta, na gaba suka tsaya da huluna a hannu suna duban juna, amma na can ƙarshen layi ba su gani ba tukuna, suna ta fitowa.

"Baba, dubi yadda suke girmama ka," in ji Keziya daga baya, tana ɗaga musu furanninta.

Bibiana ta ce ita ba ta taɓa sanin 'yan kasuwar nan suna da tarbiyya haka ba, kuma Allah ya sa Dakta Felix yana kallo.

Yana kallo. Malam Shekari ya hango shi ta madubi, Dakta ya sauke gilashi ya leƙo da kai. A ƙofar wani shago kuma Ogbonna yana zaune yana ɓarar gyaɗa, shi kaɗai ne hularsa take kansa a duk layin.

Malam Shekari ya dubi mutanen da suka jeru dama da hagu. Shekara talatin da biyar ya yi yana aiki, babu ko masinja da ya taɓa tashi tsaye don ya shigo. Ya san abin da suka fito yi wa sallama, ya kuma san cewa kafin a raba shinkafa labarin zai isa kunnen Bibiana. Saura kamar shago ashirin layin ya ƙare. Ya ɗan sassauta ƙafarsa a kan totur, ya fito da hannu ta taga, ya shiga amsa gaisuwa.