Kujeru Takwas Jajaye

Shekara shida na yi ina aiki da jirgin saman nan mai sauka a ruwa da tudu, kuma ban taɓa sa ƙafata cikinsa ba. In ya sauka a tafki sai in tuƙa kwale-kwale in kama igiyarsa in ɗaure, a miƙo mini buhunan wasiƙu ta wata 'yar kafa da ke hancinsa. Ƙofar fasinja tana can ɗaya gefen, ba a barin irinmu mu matsa.

Kamfanin jirgin ya rushe, aka sayar da jirgin a matsayin ƙarfe. Ni kuma na shiga duniya, na yi direba, na yi dillanci, har na tsufa. Labari kuwa in ka daɗe kana ba da shi, girma yake yi. Da farko a labarin ina bakin ƙofa. Da na aurar da 'yata, na riga na kai kujerar bayan matuƙi.

Mijin nata mai haɗa haƙoran roba ne a wani asibiti, mutum shiru-shiru mai hannu kamar na mai ɗinki. A bayan gidansa yana da ɗaki inda yake ƙera ƙananan jiragen sama na zamanin da, kowane bai wuce tsawon kamu ɗaya ba. Ɗakin warin gam da fenti yake, burushi wani bai kai gashin gira kauri ba. Suna da ƙungiya, kuma dokarsu ɗaya ce: ba a sa ko ƙusa a jikin jirgi sai da hoto ko shaidar wanda ya gani da idonsa.

Wata rana ya shimfiɗa mini tsofaffin hotuna uku a tebur. Jirginmu ne, fiffikensa a sama, farfela biyu, cikinsa kamar na kwale-kwale.

"Baba, na samu wajensa duka. Cikinsa ne babu hoto ko ɗaya. Sai na tuna ai muna da kai."

Da na ce na manta, da an wuce wurin. Amma 'yata tana tsaye da tire a hannu tana murmushi. Sai na gyara zama. Na tuno wata bas da na taɓa tuƙawa, na ba shi kujeru takwas, huɗu dama huɗu hagu, jajaye. Na ƙara masa da labule. Yana rubutawa yana gyaɗa kai.

A hanyar gida matata ta ce, "Malam, labulen kai ka ɗinka musu, ko daga kwale-kwale ka hango?"

"Wa zai leƙa? Tagar ba ta kai ƙwayar wake ba."

"To. Ni dai na san wanda na aura, jiƙe yake dawowa gida kullum."

Wata bakwai ya yi yana aikin. Kujerun nan ɗaya-ɗaya ya sassaƙa su, har da ɗinkin jikinsu. Gangar jirgin ɓari biyu ce, sai an gama ciki ake manne su, a goge tabon, a bi da fenti. Ranar da zai manne ya aiko aka kira ni.

"Baba, duba da kyau. In na sa gam, shi ke nan, sai dai zarto."

Na sa tabarau, na sunkuya, har na ce a ɗan matsar da kujerar baya. Wallahi na faɗa. Ya matsar da ita da tsinke, ya rufe.

Ranar baje kolin ƙungiyarsu ya ɗauke mu a mota zuwa wani zaure mai dogayen tebura. Jirginsa yana tsakiya a kan gilashi shuɗi. A gabansa an kafa kati, 'yata ta karanta mini da ƙarfi: an yi cikinsa bisa shaidar wanda ya yi shekara shida yana tafiya a cikinsa. Ashe alƙalansu da 'yar tocila suke yawo da ƙaramin madubi, taga-taga suke leƙawa.

Shugaban ƙungiyar ya zo riƙe da hannun wata dattijuwa mai sanda. Ya ce sun sha wahala kafin su gano ta, nas ce da ta yi aiki a jirgin, tana ɗauko marasa lafiya daga tsibirai. Ta tsaya ta daɗe tana kallonsa, har ta share ido. Sai ta karɓi tocila ta sunkuya.

"Ɗana, ina gadon?"

"Wane gado, Mama?" in ji surukina.

"Gadon majinyaci. Gefen hagu gaba ɗaya gado ne da madaurinsa. Kujera uku ce kawai a dama, su ma na zane, masu naɗewa. Mata biyu sun haihu a hannuna a nan wurin. Wa ya ce maka ja?"

Ta ɗago, ta bi idon mutane har kaina. Ta ƙura mini ido, sai fuskarta ta washe.

"Kai! Mai igiya! Kana raye? Ku ga mutumin da ya taɓa faɗawa ruwa da buhun wasiƙu, ya fito yana riƙe da shi a ka!"

Da murna take faɗa, har tana jijjiga mini hannu. Ita ba ta karanta katin ba. Alƙalan sun karanta.

Surukina ya yi gyaran murya ya ce, "Kuskurena ne. Baba ya yi mini bayani daidai, ni ne na haɗa da na wani jirgin."

Na ga shugaban ya rubuta wani abu a takardarsa. Na san irin wannan rubutun. Daga ranar, duk abin da yaron nan ya kawo sai an ce a sake dubawa. Na yi dillanci shekara ashirin, na iya fita daga magana ba tare da ta taɓa rigata ba, kuma ga ƙofa ya buɗe mini.

Na ce, "Ba haka ba ne. Abin da na faɗa masa shi ya yi. Ban taɓa shiga jirgin nan ba. Kujerun na wata bas ne."

Wani daga baya ya yi dariya ya haɗiye ta. 'Yata ta sunkuyar da kai. Shugaban ya soke abin da ya rubuta, ya ɗauke katin ya sa a aljihu.

Da muka isa gidan surukina na so in wuce, sai ya ce, "Baba, ɗan taimaka mini."

Muka shiga ɗakin. Ya kwantar da jirgin a kan tsumma, ya ajiye takardar da nas ta zana masa gadon a gefe, ya ɗauko wani siririn zarto.

"Riƙe mini fiffiken nan. Kar ka matsa da ƙarfi."

Na riƙe. Bai kalle ni ba, ni ma ban kalle shi ba. Ya ɗora zarton a kan fentin ya fara yanka.