Kayan Hannun Bubayero

Duk wanda ya yi aiki a sakatariyar Dutse a shekarun da aka fara shari'a ya san Bubayero, in bai san shi da fuska ba ya san shi da baki. Jami'in kiwo ne, dogo, siriri, mai tafiya kamar an aiko shi da saƙon gwamna. Ba ya cewa "ina jin", sai dai "na tabbata". Abin haushin kuma, yawanci shi ke da gaskiya.

Shekara biyu ya yi yana bin burtalan shanu a kan babur, daga Kiyawa zuwa Jahun har bayan Kafin Hausa, yana auna inda gonaki suka cinye hanya, yana zuba komai a kwamfutar tebur da ya sayar da bijiminsa ya saya. Taswirorin sun fi ƙarfin ƙananan faifan filofi, don haka aikin ba shi da wani gida sai cikin wannan akwatin ƙarfe. Da wata makaranta a ƙasar Holan ta kira shi kwas na shekara guda, sharaɗinta shi ne ya zo da aikinsa. In akwatin ya fashe a hanya, wahalarsa ta bi ruwa, tafiyar ma ta koma yawon buɗe ido.

Abokan aikinsa suka yi ta tsorata shi. Suka ce tun da aka kai hari da jirage a Amurka bara, ko reza ba a barin mutum ya shiga da ita, balle wannan uban ƙarfe. Sai dai ya haƙura a jefa ta cikin kaya.

"A jefa wa?" in ji Bubayero. "Na ga yadda suke wurgi da akwatunan alhazai. Wannan a cinyata za ta sauka Holan."

Ba cika baki kawai ya yi ba. Takanas ya je Kano ofishin kamfanin jirgin, ya tambayi tsawo da faɗi da nauyin kayan hannu. Ya dawo ya ɗora akwatin a kan sikelin mai hatsi. Ya yanke shawarar barin allon kwamfutar a gida, a can ya ari wani. Ya sa tela ya ɗinka mata jakar tamfol mai soso a ciki. Dokokin kuwa ya haddace su har yana yi wa matarsa Na'ima tilawa tana tankaɗe.

Ana saura 'yan kwanaki ya tashi, mahaifiyarsa ta zo daga rugarsu ta bayan Kiyawa, wai ta zo duba jikanta Fahad da ke haƙori. Bubayero ɗan fari ne, a hannun kakarsa ya tashi, shi ya sa yake kiran mahaifiyar tasa Adda kamar wata yayarsa. Ita kuwa kunyar ɗan fari ta riƙe ta riƙon da ko a cikin Fulani sai an tona. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Ba ta taɓa miƙa masa abu hannu da hannu ba. In ya shigo ɗaki sai ta tuna tana da aiki a tsakar gida. Ya san al'ada ce, yana ma kare ta a gaban masu dariya, amma abin yana ci masa rai, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba.

Saboda zafin Dutse, kwamfutar kullum murfinta a cire yake, fanka na hura mata ciki. Ranar tafiya da safe ya goge ta, ya ajiye murfin da kusoshinsa a gefe, sai ga maƙwabta sun zo sallama. Ya ce wa Na'ima ta ɗaure murfin ta sa a jaka, ai ta sha ganin yadda yake yi. Da ya dawo ya tarar an zuge jaka tsaf.

Ya durƙusa a ƙofar ɗakin Adda.

"Adda, zan tafi."

Tana tsefe wa Fahad ɗan gashinsa, ba ta ɗago ba. "To," ta ce. "Allah ya tsare hanya." Irin abin da za ta ce wa mai tallan gishiri ke nan. Ya ɗan jira ko da ƙari, babu. Ya tashi ya ɗauki jakarsa, ransa ba daɗi har suka wuce Wudil.

A filin jirgin Kano kuwa ya dawo Bubayeronsa. Ya ba da babban akwatinsa aka wuce da shi, Na'ima ta tsaya bayan shingen 'yan rakiya, shi kuma ya nufi wurin bincike rungume da jaka. Jami'ar da ke wurin babbar mace ce mai tabarau, an rubuta Kellu a ƙirjin rigarta, harshenta na mutanen Haɗeja.

"Malam, mene ne a ciki?"

"Kwamfuta ce, Hajiya. Nauyinta bai kai iyaka ba, faɗinta ma haka. Babu batir sai ɗan ƙaramin na agogo. In kina so a kunna, a ba ni allo."

"Kai ka haɗa kayanka? Ba wanda ya ba ka saƙo?"

"Wallahi babu abin da ke cikin jakar nan da ban san shi ba."

Jakar ta shige na'urar haska kaya. Bel ɗin da ke jan kaya ya tsaya, ya koma baya, ya sake tsayawa. Hajiya Kellu ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta yafito wani ɗan sanda da hannu, ya zo ya tsaya a bayan Bubayero, kusa ƙwarai.

"Malam, zo ka ga abin da ka sani."

A allon, tsakanin wayoyi, ga wani dogon abu baƙi ƙirin mai tsini. Ko makaho ya shafa ya san wuƙa ce. Mutanen da ke layi suka ja baya, wata mata ta janye ɗanta. A wannan shekarar, wuƙa ɓoye a cikin inji ba abin da ake yi wa bayani a tsaye ba ne.

Aka kai shi wani tebur a gefe, aka kwance murfin a gabansa. A ƙasan akwatin, an ɗaure wani ƙunshi da zare a jikin ƙarfe don kada ya motsa ya taɓa komai. Farin saƙi ne mai baƙin layi. Tun kafin a taɓa shi Bubayero ya gane ƙullin, irin wanda Adda ke yi wa ƙwaryar nono in za a yi ƙaura, wanda ba ya kwancewa sai an ja ta inda ya dace. Ɗan sandan ya yi ta fama da shi.

"Ja ta ƙasa," Bubayero ya ce a hankali.

Wuƙar Baffansa ce, mahaifinsa marigayi. Ga kuben jar fata da ya yi baƙi don gumi, ga ƙotar ƙaho da ta lashe ta gefen babban yatsa. Da ita Baffa yake yanke igiya, yake fiƙe sanda, yake yanka ragon suna. Tun rasuwarsa ƙannen Bubayero suke nacin a ba su, Adda ta ce ta ɓata.

"Wa ya sa?" in ji Hajiya Kellu.

"Mahaifiyata."

"Ba ta gaya maka ba?"

"Ba ta gaya mini komai, Hajiya. Tun da aka haife ni."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Ɗan fari ne kai?"

Ya gyaɗa kai. Ta juya wuƙar a hannunta, ta duba takardun makarantarsa da katin aikinsa, ta yi magana da wani babba ta rediyon hannu. Sannan ta sallami ɗan sandan.

"Na yarda da kai, amma doka ba ta san ɗan fari ba. Wuƙa ba ta shiga inda fasinja suke. Ga kwando can, ka jefa ta ka wuce da injinka. Ko ka miƙa wa 'yan rakiyarka su koma da ita. In kuwa lallai sai ta bi ka, sai cikin kaya, kuma ana gab da rufe kantar karɓar kaya."

"A sa ta ita kaɗai a jakar, in rungumi kwamfutar haka," in ji shi.

"Ƙarfe tsirara mai kaifin gefe ba ya shiga. Jaka ɗaya gare ka, Malam. Ka zaɓa."

Kwandon bai ma kalle shi ba. Mayarwa gida ita ce mai sauƙi, kuma ita ce ba zai iya ba. Ya hango Na'ima tana miƙa wa Adda ƙunshin, Adda tana karɓa ba tare da ta ce komai ba, ta san an gan ta, kuma an dawo mata da abinta. Matar da ta yi shekara talatin da wani abu kafin ta samo hanyar ba shi kyauta ba za ta sake gwadawa ba.

Ya dubi kwamfutar. Ya tuna ranakun da babur ya mace masa a yashi, da taswirar burtalin Jahun da ya zana har idonsa ya yi ja. Ya ji tsoro sosai, tsoron da bai saba ji ba. Amma duk da haka ya naɗe wuƙar a saƙinta, ya mayar da ita inda ya same ta, ya ƙulla yadda aka ƙulla, aka mayar da murfin aka ɗaure. Ya cire babbar rigarsa ya nannaɗe akwatin, ya tura cikin jaka.

"A kai ta cikin kaya," ya ce. "Tela na ya iya aiki. Za ta kai."

A kantar aka manna wa jakar takarda, ma'aikacin ya ɗaga ta da hannu ɗaya ya dangwarar a kan bel. Ƙarar ta shiga har haƙoran Bubayero. Ya tsaya yana kallo har labulen roba ya haɗiye ta.

Na'ima na bakin shinge, ta ga komai, idonta ya cika.

"Baban Fahad, ka yafe ni. Adda ce ta ce in rufe kada in faɗa. Ban san wuƙa ba ce."

"Me ta ce da tana sawa?"

"Ta ce namiji ba ya shiga dajin da bai sani ba hannu sake." Na'ima ta share ido da gefen mayafi. "Ta daɗe tana ƙullin nan. Tana yi tana kwancewa, wai kada ya taɓa maka wayoyi."

Aka kira fasinja a lasifika. Bubayero ya dube ta.

"In kin koma, kada ki ce mata an buɗe. Ki ce kaya sun hau jirgi, dukansu."

Ya shiga jirgi daga shi sai 'yar shara da fasfo, cinyar da ya yi wa kwamfuta tanadi babu komai a kanta.

Washegari a Holan jakar ta fito a kan bel, tamfol ɗin ya yage ta kusurwa, ƙarfen ya lotsa. A ɗakin da makaranta ta ba shi akwai allo da soket suna jira, kuma da ya kunna kwamfutar daga baya ta tashi, burtalan Jigawa suka fito ɗaya bayan ɗaya. Amma ba kunnawar ya fara yi ba. Sukuddireba ya fara ara wurin mai gadin ginin, ya zauna a ƙasa ya kwance murfin. Ƙunshin yana nan inda ya ɗaure shi, yana ƙanshin hayaƙin ɗakin Adda.