Cokalin Baba

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, maganarsa ta ɗauke, mutanen gida suka koma yin zancensa a gabansa kamar ba ya nan. Har Mama ta fara cewa ba ya gane komai. Wannan maganar ce ta fi ƙona wa Auta rai.

Wata rana da yamma Auta tana zaune a gindin kujerarsa tana aikin lissafi. An ce ta nemo lamba mafi girma da za ta raba sha takwas, ta kuma raba ashirin da huɗu, ba saura. Ta karanta a fili yadda ta saba yi masa a da, ta ce, "Uku ce."

Baba ya buga cokali a farantinsa, ƙwal.

"Ruwa kake so?"

Ya harare ta. Ta sake duba littafinta.

"Ai uku tana raba su, Baba."

Ya ɗaga cokalin sama, ya ƙara ɗagawa.

"Akwai wadda ta fi ta?"

Ta gwada huɗu, sha takwas ta ƙi rabuwa. Biyar ma haka. Sai ta yi ihu, "Shida!"

Gefen bakinsa mai lafiya ya motsa.

Mama tana bakin ƙofa riƙe da bokitin wanki. Ta ajiye shi, ta matso ta durƙusa.

"Baban Auta, ashe duk gulmarka da muke yi kana jinmu?"