Matan Direbobi

Hannayensa ne suka tona masa asiri. Shekara da shekaru bakaniken yana dawowa gida da baƙin mai a ƙarƙashin farce, yau sai ga shi da hannu fes kamar na jariri.

"Baban yara, ba a yi aiki ba ne?" in ji matarsa, wadda tela ce, ƙafarta na kan keken ɗinki.

Ya zauna a bakin gado ya faɗa mata. Kamfanin sufurin da yake wa aiki yana fitar da motocin fasinja da birkinsu ya cinye. Ya yi wa manaja magana har bakinsa ya yi tsami, daga bisani ya kai rahoto hukumar duba lafiyar motoci. Tukuicinsa: an cire shi daga gareji, an ba shi kujera a bakin ƙofa, yana buɗe wa motocin da ya ce kada su fita.

"Kai da bakin nan naka!" Ta yi faɗa har ta gaji, sannan ta zuba masa abinci, ta ɗora masa tsokar da ta ajiye wa kanta.

Lauyar ƙungiyar ma'aikata ta ce doka na bayansa, ba a hukunta mutum don ya fallasa abin da zai hallaka jama'a. Amma kamfani zai ce sauyin aiki ne kawai, sai an sami wanda ya ji manaja yana rantsuwar koya masa hankali. Direbobi sun ji. Sai dai yanzu in sun iso ƙofa, kawar da kai suke yi.

"Kada ki ga laifinsu," ya ce wa matarsa. "Kowa da bakunan da yake ciyarwa."

Ta ci gaba da taka kekenta. Amma ita ke wa matan direbobin ɗinki. Duk wadda ta zo gwaji, tana cikin auna mata kafaɗa sai ta ce, "Ƙawata, mijinki ya gaya miki motar da yake ja ba ta tsayawa? Ko kayan zaman makoki zan fara yanka miki?"

Ranar shari'a direbobi suka shigo ɗaya bayan ɗaya, kowa da matarsa a bayansa kamar wanda aka rako allura. Suka faɗi abin da suka ji. Alƙali ya ba da umarni a mayar da bakaniken garejinsa.

A waje, babban direbansu, Dogo, ya ja shi gefe.

"Maigida, don Allah ka ba Madam haƙuri. Tun da ta yi magana ban ga fara'a a gidana ba."

Bakaniken ya waiwaya yana neman ta. Tana tsaye a bakin matakala, ta ƙura wa rigar lauyan kamfani ido, ta yamutsa fuska.

"Baban yara, dubi kafaɗar nan," ta ce. "Wane mugun ne ya ɗinka wa bawan Allah wannan?"