Tsawon Sunan Shugaba

Alhaji Jalo ya karyo tsinken tsintsiya, ya ɗora a fuskar kwamfuta ya auna sunansa. Sannan ya auna na mataimakinsa.

"'Yata, nawa bai kai rabin nasa ba."

Kwana tara Adawiyya ta yi tana tsara wa ƙungiyar dillalan raguna ta Yerimaram shafin intanet, don masu saye daga Kudu su ga farashi kafin Babbar Sallah. Aikinta na farko ke nan. In shugaba bai amince yau ba, za a watsar da maganar, a koma wa mai rubuta allon talla a Hausari.

"Baba, girman haruffan ɗaya ne," in ji ta. "Kai Jalo ne kawai. Shi kuwa Idrisu Muhammadu Lawan Damagum."

"Wa ke shugaba?"

"Kai ne."

"To, ja shi."

Ta ƙara girman haruffa huɗun har suka kamo tsawon sunan mataimaki. Hoton raguna ya gangara ƙasa, farashi ya ɓace. Ta buɗe shafin a waya: JA a sama, LO a ƙasa.

Mataimakin, Malam Idrisu, ya gyara tabarau. "Nawa kuma ya koma kamar tunkiya mai zawo. A ba shi dusa."

"A ba shi dusa a gidanka!" in ji Alhaji Jalo.

Adawiyya ta yi musu bayanin tazarar layi, da amfanin farin fili don ido ya huta. Alhaji Jalo ya ce idon da ya zo sayen rago ba hutu ya kawo shi ba.

Ta mayar da haruffan yadda suke. "Baba, ba ka da kakanni?"

Ya dube ta, ya zaro waya ya kira yayarsa Gogo.

"Gogo, wa ya haifi baban Baffa?"

Minti shida ana lissafi, har da musu kan wani da ya yi ƙaura zuwa Adamawa. Adawiyya na bugawa: Jalo Hussain Joda Abbas Mahdi Bello. Raguna suka dawo mazauninsu, farashi ya fito sarai.

Aka sake awo. Shugaba ya zarce da faɗin farce.

"Na amince. A ɗora shi."

Malam Idrisu ya riga ya kara waya a kunne, yana neman gwaggonsa a Damagum. Adawiyya ta ɗora shafin, ta rufe kwamfutar tun kafin tsohuwar ta ɗauka.