Sadakar Gwaggo Ɗelu

Kwalin ya kusa cinye teburin falo, fari fes, an ɗaure shi da zare mai ƙyalli, rabi shuɗi rabi ruwan hoda. Kezia, ƙawar 'yarta Nuriyya, ta dire wa Gwaggo shi tana haki. Gwaggo Ɗelu na zaune a kan dardumar salla da carbi a hannu, tana yi wa kwalin irin kallon da take yi wa komai na Kuala Lumpur tun saukarta. Ba ta yarda da shi ba, amma ba za ta tanka ba.

"Mama, kek ne," in ji Kezia da Hausarta ta Jos. "Firjinmu ya cika, shi ya sa na kawo nan. Gobe za a yanka a raba wa mutane, saboda abin da Nuriyya ke ɗauke da shi."

Gwaggo ta kawar da kai ta dubi labule. Kezia ta san an taɓo inda ba a taɓawa, sai ta tura kwalin cikin firji, ta yi sallama, ta ruga kama jirgin ƙasan da zai kai ta makaranta.

Nuriyya ce 'yar farin Gwaggo, kuma tun ranar da aka haife ta a Gwarzo bakin Gwaggo bai taɓa kama sunanta ba. In tana kusa "ke" ce, in ta yi nisa "yarinyar nan". Ana yaye ta kakarta ta ɗauke ta, shi ya sa ma ba ta iya cewa Inna ba, sai Gwaggo, kamar yadda ta ji 'ya'yan kawunnanta na faɗi. Auren Nuriyya da Fatihu ya ja shekaru shiru kafin cikin nan ya samu a ƙasar mutane, shi yana fama da digirinsa na uku a jami'ar da ke Lembah Pantai, ita tana nata na biyu. Da watan haihuwa ya matso, matar da ko Kaduna ba ta taɓa kwana ba ta hau jirgin sama ta zo wankan jego. Ta zo kuwa, ta tarar da ciki ya yi gaba har mai shi ba ta ganin ƙafarta, amma Gwaggo ta yi kamar ba ta gani ba. Hirarsu ba ta wuce shinkafar garin da ke danƙo, da ruwan sama da ba ya fashin la'asar, da warin wani ɗan itace mai ƙaya da maƙwabta ke ci suna lumshe ido.

Bikin kuwa dabarar Kezia ce, aminiyar Nuriyya tun shekararsu ta farko a unguwar Sri Petaling. A waya ta gano shi. Likitar da ta yi hoton ciki ba ta gaya wa iyayen abin da ta gani ba, sai ta raɗa wa Kezia a kunne. Ita kuma ta je wajen masu kek ta ce a rina cikinsa, shuɗi in namiji ne, ruwan hoda in mace ce, a lulluɓe bayansa da fari. Sai an taru an yanka kowa zai sani, har uban da uwar.

Fatihu ya ce shirme ne, sannan ya fi kowa ɗoki. Nuriyya kuwa ba don hoto ta yarda ba. Lissafinta shi ne, daidai lokacin da wuƙa ta shiga, launi ya fito, jama'a suka ɗauki sowa, ita za ta juya ta dubi fuskar Gwaggo kafin Gwaggo ta samu damar ɓoye ta. Sau ɗaya tak take so ta ga uwarta na murna da ita. Sai dai yi wa Gwaggo bayanin bikin yana nufin a ambaci cikin, ita kuma bakinta ya yi nauyi. Abin da ta iya cewa kawai shi ne ranar Asabar za su je bakin tafki shan iska da ƙawaye.

To, ranar da kek ya zo Juma'a ce, kuma gidan ba kowa sai Gwaggo. Ta daɗe da damuwa a ranta. A Gwarzo, in mace ta shiga watanta, ranar Juma'a ake soya waina ko a daka gumba a raba wa yara sadaka, Allah ya raba lafiya. A nan ba gero, ba turmi, ƙofofi duk a rufe kamar ana gaba. Ashe dai yaran nan suna da sauran hankali, tunda har sun tanadi abin rabawa. Amma Asabar? Ga Juma'a zungureriya a gabanka, ka tsallake ta ka kai sadaka Asabar? Boko dai bai yi ba. Gwaggo ta miƙe, ta wanke hannu, ta yi bisimilla, ta sa wuƙa.

Cikinsa ya fito ruwan hoda, har da wasu ƙananan alawoyi da suka zubo daga tsakiya. Ta yaba da gwaninta. Ta yayyanka shi daidai wa daida, ta jera a faranti, ta yafa mayafi ta fita.

Kalma ɗaya ta Malay ta riƙe, wato makan, ma'ana "ci", kuma ta ishe ta. Ta fara da maigadin ƙasa, ta bi matan da ke shara, ta hau lif tana tsayawa hawa-hawa. Duk ƙofar da ta buɗe sai ta miƙa faranti ta ce, "Makan. Sadaka." Sannan ta zana tulun ciki a iska da hannu, ta nuna sama. Musulmi suka shafa fatiha, 'yan Sin suka karɓa da hannu biyu, wata Ba'indiya ta ƙara mata da ayaba. Rabon Gwaggo da jin daɗi irin wannan tun tana gida.

Ƙofar ƙarshe ita ce ta Makcik Rosnah, tsohuwar malamar makaranta da ke fuskantar gidansu, wadda suka ƙulla ƙawance da Gwaggo ba tare da ɗayarsu ta ji yaren ɗaya ba. Ita an gayyace ta bikin, ta kuma san me ake shiryawa. Tana ganin launin ta tafa hannu don murna, sai kuma ta dafe baki, idanu waje. Ta dubi farantin da ya rage yanka biyu, ta dubi Gwaggo, ta jawo waya ta kira Kezia.

Kezia ta baro aji ta zo a guje. Ta durƙusa a gaban Gwaggo ta warware mata komai, tana yi tana cije leɓe don kada dariya ta ƙwace mata.

"Yanzu kina nufin," in ji Gwaggo a hankali, "duk wanda na ba wa abin nan ya san me za a haifa?"

"Duk wanda ya san wasan, Mama. Yanzu kuwa kusan kowa ya sani."

Gwaggo ta yi salati. Ita da ko 'yan uwanta na Gwarzo ba ta gaya wa dalilin tafiyarta ba don gudun bakin mutane, yau ga shi da ƙafarta ta bi bene ƙofa-ƙofa tana shela.

Makcik Rosnah dai ba ta zauna ba. Ta bi sawun Gwaggo tun daga sama har ƙasa tana gargaɗin kowa ya kama bakinsa. Shi ya sa da Nuriyya da Fatihu suka dawo da yamma, maigadi ya yi wuf ya kife hularsa a kan wani abu a tebur, ya ƙame yana washe baki. A cikin lif ma kowa murmushi yake yi musu yana kallon silin. Fatihu har ya duba rigarsa ko wani abu ya zuba.

A bakin ƙofa Kezia ta tare su ta faɗi abin da ya faru, ban da launin. Fatihu ya jingina da bango ya yi ta dariya har da hawaye, yana cewa duk Sri Petaling ta san abin da zai haifa sai shi. Ya ma koma ƙasa ya lallaɓi maigadi, mutumin ya girgiza kai ya ce, "Tak boleh, lah," wato ba zai yiwu ba, ya ƙara danne hularsa.

Nuriyya ba ta yi dariya ba. Ta buɗe firji ta ga wurin kwalin wayam, ta rufe, ta zauna a hannun kujera. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ta kuma gaji da haɗiyewa.

"Ni ba kek ɗin ne ya dame ni ba, Gwaggo," ta ce. "So na yi sau ɗaya in ga kin yi murna da ni. Tun da kika zo, ko sannu da nauyi ba ki ce mini ba."

Gwaggo ta dubi labulenta na kullum, carbin ya tsaya a hannunta. Kezia ta yi saurin cewa ai ba komai, za ta nemo balan-balan mai garin launi a ciki, a fasa gobe.

"A'a," in ji Gwaggo, ba ta juyo ba. "Gaya wa ƙawarki kada a sayo komai, kuma kada a fasa fitar. Ni na ɓata, ni zan gyara."

Washegari bayan la'asar, ruwan sama ya yi musu kara bai sauko ba. Aka shimfiɗa tabarmi a bakin tafkin Titiwangsa, dogayen benayen birnin na leƙowa ta bayan itatuwa. 'Yan Kano da 'yan Jos da 'yan Kafanchan suka hallara, ga dafa-duka, ga zoɓo, ga tsiren Malay da Makcik Rosnah ta sayo a ƙunshe. Rabin taron sun riga sun ji launin a bakin 'yan benen, sai zumɓura baki suke yi kamar masu riƙe da ruwan zafi. Teburin da aka ƙawata don kek yana nan ba komai a kansa.

Gwaggo ta zauna can gefe, nesa da surukinta kamar yadda ta saba, da wata 'yar langa a cinya, an rufe ta da faifan da ta taho da shi daga gida. Kowa ya zaci Kezia za ta miƙa wa ta kai. Sai aka ga ta miƙe da kanta, ta ratsa tabarmi, ta wuce ta gaban Fatihu ba ta ko ja mayafi ba, ta ɗora langar a hannun Nuriyya.

Wayoyi suka ɗaga. Nuriyya ta ɗauke faifan. Wani ɗan ƙulli ne a ciki, na tsohuwar atamfa da ta koɗe. Fatihu ya leƙo yana ta juya kai, don ƙyallen ba shuɗi ba ne, ba kuma ruwan hoda ba. Ƙullin ya yi tauri, sai da ta sa haƙori. Da ya kwance, wasu 'yan kunne biyu na zinariya suka gangaro tafin hannunta, ƙanana kamar ƙwayar dawa, irin barimar da ake sa wa jarirai.

Mata suka riga maza ganewa. Wata 'yar Kano ta rangaɗa guɗa har masu tuƙa kwalekwale a tafkin suka waiwayo. Sai a lokacin Fatihu ya dafe kai ya ce, "Mace ce!" Ya shiga rungumar duk namijin da ke kusa da shi.

Nuriyya ba ta ji sowar ba. Ta juya ta dubi fuskar da ta shirya duk wannan don ta gani, ta tarar Gwaggo ma ita take kallo, ba labulen da za ta fake da shi.

"Naki ne," in ji Gwaggo ƙasa-ƙasa. "Da su aka fara yi miki ado. Ranar da kakarki ta zo tafiya da ke na musanya miki da wasu, na riƙe waɗannan. Duk inda na sa ƙafa suna bakin zanena." Ta gyara bakin mayafinta. "Sannu da nauyi."

Nuriyya ta damƙe 'yan kunnen ta kifa kai a kafaɗar uwarta tana kuka tana dariya. Gwaggo ba ta rungume ta ba, ba ta kuma ture ta ba. Ta dai sa hannu ta gyara mata ɗankwalin da ya zame, ta daɗe tana gyarawa alhali ya gyaru tun tuni.

Da aka lafa, Fatihu ya yi gyaran murya ya ce in Allah ya sauke ta lafiya, yarinya takwarar Gwaggo ce. Kezia ta ce ita fa Ɗelu kawai ta sani, ta kuma san wannan ba sunan yanka ba ne. Ta juya ga ƙawarta.

"To uwar ɗiya, faɗa mana sunan 'yarki mu ji."

Nuriyya ta buɗe baki da sauri. Ta san sunan sarai, Hureira, ta rubuta shi a takardun makaranta ba adadi. Amma ga mai sunan a zaune a gabanta, ga kuma ɗaya mai sunan, 'yarta ta fari, tana motsi a cikinta. Harafin farko ya zo mata maƙogwaro ya tsaya cak. Ta sake gwadawa, sai ta ji ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin faifai.

Jama'a suka kwashe da dariya. Gwaggo Ɗelu ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, kafaɗunta na girgiza.

"Ƙyale ta," ta ce wa Kezia. "Yanzu ta fara."