Babi Ukun da Atara Ta Ɗauka

Ba wanda ya roƙi Atara ta ɗauki babi ukun nan. Ita ta miƙa hannu da kanta ta danne shafin, ta ce wa Liba, "Ke dai bar mini daga nan zuwa nan. Kafin Asabar na gama. Ke ki riƙe na ƙarshe."

Liba ta ɗago kai, yatsanta na kan kalmar da ta tsaya. "Ba tare aka ce mu yi ba?"

"Taren ne ya maƙale mu a nan. In muka bi tafiyarki, sai baɗi za a yi saukar."

Da wasa ta faɗa, har da dariya. Liba ma ta yi ɗan murmushi, ta janye yatsanta.

A sansanin 'yan matan nan da ke cikin duwatsun Catskill, kowace safiya bayan addu'a da karin kumallo ana raba su shida-shida, kowace shida ta sake rabuwa biyu-biyu, su bazu ƙarƙashin itatuwa da Attaura a hannu. Wannan ta karanta, waccan ta fassara, su duba sharhin malaman da, su yi ta musu har a kaɗa ƙararrawa. Malama Perel, mai kula da su Atara, doka ɗaya gare ta. Abin da baki bai furta ba, kai bai gane ba, a wurinta ba karatu ba ne, kallon takarda ne.

Bara war haka mahaifiyar Liba ta rasu. Shi ya sa su shidan suka ɗauki alkawarin sauke Littafin Fitowa gaba ɗaya, da sharhinsa, ranar da za ta cika shekara, ladan ya isa gare ta. Suka raba littafin gida uku. Atara da Liba suka sami ƙarshe, inda ake kafa alfarwa mai tsarki a jeji, ana ta lissafa labule da katako da ƙugiyoyin zinariya.

Atara 'yar Brooklyn ce, ubanta malami, kakanta malami, Ibrananci take karantawa kamar shan ruwa. Liba kuwa daga wani ɗan gari a Ohio ta fito, inda sai an yi ta buga waya gida-gida kafin a haɗa maza goman da za su yi jam'in addu'a. Karatunta tafiyar hawainiya ne. Kuma a faɗi gaskiya, Liba na da gajiyarwa. Sai ta tsaya a kan aya guda ta ce, "Me ya sa aka faɗi launin zaren sau biyu?" Atara ta ba ta amsa, ta ce, "To amma wa ya rina shi a jeji?" Sauran 'yan matan na can sun yi nisa, su suna nan a kan zare. Ko mai haƙuri ne sai ya ja tsaki a ransa, balle Atara da ba ta gaji haƙuri ba.

Da niyya mai kyau ta ɗauki babin, wannan kam ba a ƙwace mata. Sai dai washegari aka fara gasar sansani, aka naɗa ta shugabar ƙungiyar masu jan kaya. Mako guda tana ihu a fili, tana tsara waƙa, tana fentin ƙyalle, muryarta ta dushe. Asabar ta zo ta wuce. Ta ce ba komai, Kwanaki Tara na tafe, kwanakin makokin rushewar Haikali, babban ɗakin ibadarsu na da, lokacin da ba iyo, ba kiɗa, ba wanki, ba nama. Lokaci zai yi yawa har a rasa yadda za a yi da shi.

Lokaci kuwa ya yi yawa. Abin da ya ƙi samuwa shi ne zuciyar buɗe littafin. Kullum da safe tana zaune gefen Liba, tana taya ta babin ƙarshe, Liba ta tambaye ta, "Naki fa?" ta ce, "Saura kaɗan." Da rana sai ta kwanta da littafin a ƙirji ta ce wa kanta ai ta taɓa yin su a makaranta, har jarrabawa ta ci a kansu. Ta san wannan ba hujja ba ce. Na makaranta don maki aka yi shi, ba don mahaifiyar kowa ba.

Ranar cikar shekarar ta faɗo cikin Kwanaki Tara. Tunda walimar sauka walima ce ta ibada, an halatta nama a cikinta ko a kwanakin makoki, kuma Rabi, wato babban malamin sansanin, ya ce a gayyaci kowa da kowa. Daga nan saukar ta tashi daga hannun mutum shida, ta zama ta duk mai baki a sansanin.

"Liba, daga yau ke ce uwar ɗakina," in ji Frumi, ɗaya daga cikin shidan, tana juya taliya da cuku a faranti kamar an ba ta magani. "In na sake ganin cukun nan gobe, ku ɗaure mini kaya, gida zan tafi da ƙafa."

"Ke da kika ci faranti biyu jiya," in ji Liba.

"Baƙin ciki ne ya sa ni ci. Mu dai mun gama namu, ni da Tova, har da ƙari. Atara, ku fa? Kada ki ce mini zaren nan bai ƙare ba. Na ga kajin a firji da idona, na gaishe su ɗaya-ɗaya."

Teburin ya ɗauki dariya. Atara ta ji kunnuwanta sun yi zafi. "Ke dai ciki ne zai kashe ki," ta ce, da ƙarfin da ya fi maganar.

"A'a, daga tambaya?"

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Atara ta tashi ta kai farantinta wurin wanki, ba ta ci rabi ba.

Safiyar ranar ta ɗauki littafin ta ɓuya bayan ɗakin wanki. Ta fara da baki kamar yadda doka ta ce, amma tsoro ba ya karatu. Tana furta kalmomin, hankalinta na kan hayaƙin da ya fara tashi daga bayan kicin. Ba ta kai tsakiyar babin farko ba, ko sharhin ba ta leƙa ba, aka aiko ƙaramar yarinya ta ce Malama Perel na neman su.

Malama ta tsayar da su a baranda, ta gyara ɗankwalinta, ta bi su biyu-biyu. "Frumi, Tova, kun gama?"

"Mun gama, Malama."

Na biyu ma suka ce sun gama. Ta juyo. "Liba?"

"Nawa saura ayoyin da zan karanta a wurin." Liba ta waiwayo ta dubi Atara, ba da shakka ba, irin duban da ake yi wa wadda za ta ƙarasa magana.

A nan ne ƙofar take a buɗe, kuma Atara ta gan ta. Da ta ce saura, da Malama ta zaunar da su shidan sun rufa wa babin, kaji su jira, a yi walimar da yamma. Kunya ce ta yini guda. Amma daidai lokacin wata tsohuwar mota ta shigo tsakar sansanin, Liba ta ce, "Baba," ta ɗaga hannu. Atara ta dubi 'yan matan da suka saba ganin ta a gaba cikin komai.

"Mun gama, Malama," ta ce.

Mahaifin Liba, Malam Dov, dogon mutum ne siriri, hularsa ta fi kansa girma. Tun jiya yake tuƙi daga Ohio. Aka ajiye masa kujera a gefen zauren cin abinci, kusa da Rabi. Liba ta miƙe gaban 'yan mata fiye da ɗari, ta faɗi sunan mahaifiyarta, Hinda 'yar Zalman, ta karanta ayoyin ƙarshe, inda gajimare ya rufe alfarwar. A hankali ta karanta, yatsa a kan kalma, ba wanda ya motsa. Da ta kai ƙarshe zauren ya amsa da addu'ar ƙarin ƙarfi, Rabi ya ce Allah ya ɗaukaka ran Hinda da wannan karatu. Malam Dov ya rufe fuskarsa da hannu biyu, kafaɗunsa na rawa.

Sannan aka shigo da naman.

Atara ta zauna tana kallon mutane suna ci. Ƙananan yara da maiƙo har gwiwar hannu. Rabi da ya yi albarka ya yanki nasa. Malama Perel, matar da a rayuwarta ba ta taɓa sa nama a baki cikin kwanakin nan ba sai da hujja, ta ɗauki cinyar kaza hankalinta kwance. Kowace loma da aka haɗiya a zauren nan a kan maganar Atara aka haɗiye ta. Ta ji ƙyamar kanta, ƙyama sosai, irin wadda ba ta taɓa ji ba.

"Ba ki ci?" in ji Frumi.

"Cikina."

"Sannu. Allah ya ba ki lafiya, amma ba yanzu ba." Ta janye farantin zuwa gabanta.

Kafin ya tafi, Malam Dov ya tsaya nesa kaɗan da ita, ya ɗan rusuna. "Ke ce Atara? 'Yata, sunanki na sha jin sa. Liba ta ce ba don ke ba da ba a kai ba. Ba ni da abin da zan biya ki."

Ta ce ba komai. Bakinta ne ya faɗa, ita ba ta san ta faɗa ba.

Washegari ba karatun da aka sa musu, amma al'ada ta kai su gindin itacensu. Liba ta zo fuskarta wasai, kamar wadda aka cire wa ƙaya. Atara ta zauna, ta tashi, ta sake zama.

"Liba, ban karanta ba."

"Me?"

"Babi ukun. Na fara na farko jiya da safe, ban kai rabi ba. Sauran ko buɗewa ban yi ba. Ƙarya na yi wa Malama, ƙarya na yi ta yi miki." Kuka ya ƙwace mata. "Ki yafe mini. Yanzu zan je in gaya wa Malama, duk abin da za a yi mini a yi."

Tana faɗa ta ji ƙirjinta ya yi sauƙi, har ta ja numfashi mai tsawo. Ta jira faɗa, ko kuka, ko ma mari. Kowanne ya zo za ta karɓa da hannu biyu.

Liba ta tsura wa ciyawa ido. "Ke nan ba a sauke ba."

"Za mu ƙarasa yau. Ni kaɗai ma zan..."

"Ranar cikar shekarar jiya ce. Sai kuma baɗi." Muryarta ba ta tashi ba. "In kin gaya wa Malama, za ta gaya wa Rabi. Rabi kuma ba zai ɓoye wa Baba ba, kin san shi."

"To ai gara ya sani."

"Gara wa?" Liba ta ɗago ta dube ta. "Tun da aka binne Mama bai yi kuka ba. Bai yi barcin kirki ba. Jiya a bakin mota ya ce mini yau ya ji ta huta. Shi za ki kira ki ce masa wasa muke yi?"

Atara ta share hawayenta da bayan hannu.

"Ba za ki gaya wa kowa ba. Babin kuma zan yi su da kaina." Liba ta miƙe tana kakkaɓe siket ɗinta. "Kin ji sauƙi yanzu, ko? Na gani a fuskarki. Jiya ke kaɗai kike ɗauke da shi. Da kin bar shi a wurinki, 'yar'uwa, da kin fi yi mini adalci."

"Kin yafe mini?"

"Ban sani ba. Kada ki tambaye ni yau."

Ranar Juma'a da rana, kafin rana ta faɗi hutun ibadar Asabar ya shiga, ake ba su damar kiran gida a wayar ofis. Layin ya kai har baranda, kuma rashin sa'a ya sa Atara a bayan Liba. Ta so ta ja baya ta ba wata wuri, Frumi ta turo ta. "Matsa mana, ko sai rana ta faɗi?"

Don haka duk ta ji. Ta ji Liba, yarinyar da ba ta iya ƙarya ko a wasan ɓuya, tana cewa, "Lafiya lau, Baba. Ka isa lafiya? Ka yi barci? Madalla." Ta yi shiru tana saurare, tana murɗa igiyar wayar a yatsa har kan yatsan ya yi fari. "Eh, Baba. Duka. Daga farko har ƙarshe, ba abin da muka tsallake." Ta sake yin shiru. "Tana nan kusa."

Liba ta juyo ta miƙo wayar, idonta na kan bango.

"Baba na son ya sake yi miki godiya," ta ce. "Karɓi."